Tafiyar Takardar Digiri A Birnin Abuja

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Zariya ya biyo hanyar Kaduna, in ya hango Dutsen Zuma a tsaye kusa da Madalla, to ya san ya iso ƙofar Abuja. Daga cikin masu shigowa ta wannan hanya akwai malaman makaranta da suka sami aikin koyarwa a ƙasashen waje, kowanne rungume da jakar takardu. Abin da ya kawo su kuwa hatimi ne. In babu shi, digirin da mutum ya yi shekara huɗu yana nema ba shi da daraja a ofishin bayar da biza.

Sunan birnin ya samo asali ne daga Abu Ja, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda ya kafa tsohuwar Abuja, watau garin da yanzu ake kira Suleja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wannan yanki ya zama sabon babban birni, aka kuma ƙaura daga Ikko a watan Disamba na 1991. Tun daga nan ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suka riƙa tarewa, har ya zama mai neman tabbatar da takarda sai ya nufi nan.

Zangon farko shi ne Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari, inda Ma'aikatar Ilmi take. Gine-gine ne dogaye, masu hawa da yawa, baƙo kan sha tambaya kafin ya gane ofishin da yake nema. A nan ake duba ko jami'ar da ta ba da digirin tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su, da kuma ko lalle ita ce ta ba da shi. Saboda haka mai hikima tun daga gida yakan fara biyawa ta ofishin magatakardan jami'arsa, ya tabbata sunansa da sakamakonsa suna nan daidai. Kuɗin aikin ana biyansa ne ta hanyar Remita zuwa asusun gwamnati, a riƙe rasit.

Daga nan sai Gidan Tafawa Ɓalewa, hedkwatar Ma'aikatar Harkokin Waje, wanda ba shi da nisa ƙwarai. Sashen shari'a na wannan ma'aikata ba ya auna ilmin kowa. Aikinsa shi ne ya shaida cewa sa hannu da hatimin da ke jikin takardar na jami'an Nijeriya ne na gaskiya. Zango na uku kuwa ofishin jakadancin ƙasar da za a tafi, wasu a tsakiyar birni, wasu a Maitama ko Asokoro. Shi kuma jakada hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje yake shaidawa. Kowane ofishi yana tsayawa ne a kan shaidar wanda ya gabace shi, don haka wanda ya tsallake ɗaya sai an komo da shi baya.

Mai karatu zai so ya san dalilin wannan dogon zagaye. Akwai wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ta sa hatimi guda ya wadatar tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta. Saudiyya ta shiga a 2022, Sin kuma a 2023, amma Nijeriya ba ta ciki. Shi ya sa malamin da zai tafi Riyad ko Bejin ba shi da makawa sai ya bi ta ofishin jakadanci. Wasu ƙasashen kuma sukan nemi a fassara takardun zuwa harshensu, a haɗa da takardar 'yan sanda mai nuna mutum ba shi da laifi.

Tsananin binciken ma yana da tushe. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Wake ɗaya shi ke ɓata gari: masu takardun gaskiya su ne suka ƙara shan jira.

Wajen waɗannan ofisoshi akwai masu injin kwafe takardu da masu ɗaukar hoto, akwai kuma 'yan baranda da ke alkawarin gama aiki a yini guda. Wanda ya miƙa musu asalin digirinsa ya yi kasada, domin hatimin jabu kan jawo a hana biza, wani lokaci har da shari'a. Abu na biyu da ke tuntuɓe da mutane shi ne bambancin suna. In fasfo ya ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, sai an nemi takardar rantsuwa daga kotu. Kwanan otal a Abuja kuwa da tsada, shi ya sa da yawa kan sauka wurin dangi a Kubwa ko Nyanya ko Mararraba, su yi sammako su shigo gari.

Fita koyarwa waje ba baƙon abu ba ne ga 'yan Nijeriya. Tun 1987 gwamnati ta kafa shirin tura ƙwararru, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan. Wanda zai tafi don ƙashin kansa, ya fara tambayar makarantar da ta ɗauke shi irin takardun da take so, ya ware isassun kwanaki, ya kuma ajiye kwafin kowace takarda da aka buga wa hatimi. Allah ya ba mai nema sa'a.