Ogan Ɗin Majami'ar Notir-Dam

A wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Sen, cikin birnin Faris na ƙasar Faransa, akwai wata majami'a da ake kira Notir-Dam. An aza harsashinta a shekarar 1163, aka kuwa yi kusan shekara ɗari biyu ana ginin. Masu ziyara sukan ɗaga kai su yi ta kallon duwatsu da tagogi, amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa yana can bisa babbar ƙofa, watau ogan.

Shi dai ogan kayan kiɗa ne na iska. Mutum ya ƙaddara sarewa wajen dubu takwas a jere, wata ba ta wuce tsawon alƙalami ba, wata kuwa ta ɗara mita tara, ana hura su da iska irin ta zugazugin maƙera. Makaɗi guda ne ke sarrafa su duka, hannuwansa a kan jeri biyar na madannai, ƙafafunsa a kan wasu. Wani gwani, Aristide Cavaillé-Coll, shi ya sake ƙera shi a 1868, ya bar tsofaffin sarewu cikin sababbi.

Daga 1900 makaɗinsa shi ne Louis Vierne, wanda aka haifa kusan makaho. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye masa ɗa da ƙane. Ogan ɗin ma ya lalace saboda rashin kula, har a 1927 Vierne ya ƙetara Amurka yana kiɗa gari gari, yana neman kuɗin gyara. Abin takaici ne a ce birni kamar Faris ya bar wa makaho wannan ɗawainiya. Ran 2 ga Yuni, 1937, yana tsakiyar wasa a gaban jama'a sai ajali ya cim masa a kan kujerar. Ƙafarsa ta danne madanni ɗaya na ƙasa, amon ya yi ta ruri cikin majami'ar kafin mutane su gane abin da ya auku.

Ran 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta tashi, ta cinye rufin katako, doguwar hasumiyar tsakiya ta rufto. Wuta ba ta kai ga ogan ba, sai dai ƙurar dalmar da ta narke daga rufin ta shige kowace sarewa. A 2020 aka kwance shi, aka wanke sarewun ɗaya bayan ɗaya. Daidaita muryoyinsu kuwa sai da dare, sa'ad da magina suka tashi, domin aikin kunne ba ya yiwuwa cikin ƙarar guduma.

Da aka sake buɗe majami'ar ran 7 ga Disamba, 2024, babban bishop na Faris, Laurent Ulrich, ya tsaya ya kira ogan ɗin sau takwas, kamar mai ta da barci. Kowane kira, makaɗi na amsawa daga sama.