Kayen shayin fadarmu: ganye ne ya sauya ko harshe?

Yau mun ɗan ajiye labarin kasuwa da na iyaka. Wani tsohon kaye muka tono, kuma tun da muka buɗe shi ya hana mu sakat.

Makon jiya muna kwashe kaya daga ɗakin zaure don a gyara rufi kafin damina, sai ga shi can ƙasan akwati. Kaye ne mai shafi 100, irin na lakkol, bango ya sha maiƙo, gara ta ci gefe guda. A shafin farko an rubuta 2008, shekarar da muke lise, muna kwana bisa tabarma da sunan bitar darasi, alhali rabin daren a bakin butar shayi yake ƙarewa. Mu shida ne a fadar. Gardama ce ta haifi kayen: kowa na cewa shi ya fi iya dahuwa, sai shugaban fada, wanda duk muke kira Yaya don ya girme mu, ya ce a daina surutu, a riƙa rubutawa.

Haka aka yi. Duk daren da aka ɗora buta, a rubuta kwanan wata, wanda ya dafa, irin ganyen, yawan sukari, ko an sa na'ana'a, citta ko kanumfari. Sannan kowa ya ba da maki bisa 20, kamar yadda malamai ke yi muna a aji. Rubutun rabi Faransanci rabi Hausa. Wani wuri "amer", wani wuri "bauri kamar ɗanyen goro", wani wuri "lami, ruwan wankin buta". Akwai daren da wani ya samu 4 bisa 20, har yau in an tuna mishi sai ya ɓata rai.

Wanda bai san fada ba zai ce zaman banza ne. Amma ku kun sani. Ganyen nan kore daga Sin yake zuwa, wanda kuke gani a kwali da lambobi irin su 4011 ko 41022. Ta Maroko da hanyoyin Sahara al'adar ta gangaro, Larabawa da Buzaye suka iso da ita gare mu, shi ya sa har gobe wasu ke ce mishi shayin Buzaye. Fada kuma ta yaɗu a garuruwan Nijar a shekarun 1990, lokacin da bakin jama'a ya buɗe bayan babban taron ƙasa na 1991, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara fitowa, samari kuma suka yi yawa aiki ya yi kaɗan. Har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutse nan kusa da mu, ta fitar da littafi a kan fada a 2019. Zubi uku na shayi na cin awa biyu ko fiye, kuma cikin awannin nan ne ake shawarar aure, ake haɗa kuɗin motar mai tafiya, ake jin wa ke da ciwo a gida.

To ga abin da ya sa muka kawo muku zancen. A kayen akwai wani dare na watan Maris 2009 da shayi ya samu 18, 19, 18, 20, 19, 18. Bai taɓa faruwa ba, bai kuma sake ba. An rubuta yadda aka yi shi dalla-dalla: ganye ƙaramin kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya da rabi a kowane zubi, na'ana'a a na biyu, a bar shi ya daɗe bisa gawayi. Ranar Asabar muka tara waɗanda suka rage a gari, mu huɗu, don ɗaya yana Abijan ɗaya kuma Allah ya yi mishi rasuwa, Allah ya jiƙan shi. Muka sayo ganye mai lamba iri ɗaya, muka bi rubutun ba ƙari ba ragi. Kumfa ta tashi yadda ake so.

Wallahi babu wanda ya iya shanye kofin. Ɗan autanmu ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce: "Yaya, wanga ai zuma ce aka tafasa. Mu munka ba wanga abu ashirin?" Yaya ya yi dariya ya ce: "Ku kunka ba shi. Ga hannunka nan, ba ka iya musu."

Da ba don kayen ba, da mun ce ganyen yanzu ne ya lalace, kamar yadda muke cewa komai na da ya fi. Rubutu ya ƙaryata mu. Harshenmu ne ya yi tafiya ba mu sani ba.

Kuma akwai dalili. Ƙwayoyin da ke jin ɗanɗano a harshe ba su dawwama, kusan duk mako biyu jiki ke sabunta su. Yara da matasa sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi, son yana raguwa yayin da mutum ke girma. Ɗaci kuwa koyon shi ake yi, kamar yadda ba a haifi kowa da son goro ba. Sannan yawancin abin da muke kira daɗi, hanci ke kawo shi. A kayen akwai wani daren hunturu da biyar suka ba da 15 ko 16, mutum ɗaya ya ba da 6, a gefe ya rubuta "mura". Waɗanda korona ta ɗauke wa jin ƙamshi sun san wannan sarai. Taba ma na dusashe harshe. Ruwa na da nashi hannu: ruwa mai yawan farar ƙasa na sa shayi ya yi duhu, har wani ɗan yanayi ya kwanta a samansa. Shi ya sa ganye ɗaya kan ba da shayi biyu in an sauya rijiya.

Amma abin da ya fi tsaya muna a rai lissafin sukari ne. A bayan kayen akwai shafin kuɗi, don karo-karo muke yi, dala goma dala ashirin. Can muka ga kilo ɗaya na sukari kwana uku yake yi muna. Ku raba: giram 1000, mutum 6, kwana 3. Kowa na shan kusan giram 55 a yini, a shayi kawai, ban da na koko da fura da lemu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga baligi, in an iya ma a sauko 25. Mu tun muna ƴan lise mun wuce iyaka kullum dare, muna tafa wa juna.

Shekara biyu ke nan da likita ya gaya wa Yaya yana da ciwon suga. Ba mu ce shayi kaɗai ya ja mishi ba, akwai gado, akwai ƙiba, akwai zaman kanti daga safe har dare. Amma jiki magayi. Abin da ya fi mishi ciwo a farko shi ne a miƙa kofi a tsallake shi. Ya ce muna: "Ku bar ni in riƙe kohin ko ban sha ba." Daga ranar muka koma zuba mishi nashi kafin a sa sukari.

Mu kanmu dole ce ta fara gyara mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya har zuwa Maris 2024, kun tuna yadda kaya suka hau. Muka rage sukari rabi don aljihu. Makon farko kowa na ƙorafi. Kafin wata biyu babu mai maganar. Da aka buɗe iyaka, babu wanda ya ce a koma yadda ake. Ashe harshe ɗan goyo ne, inda aka saba da shi nan yake kwana. A cikin wannan ragin ne muka fara jin abin da sukari ke rufewa: ƙamshin hayaƙi a zubin farko, baurin da ke kama dasashi, da ɗan garɗin da ke zuwa a na uku.

Yanzu mun sayi sabon kaye, dala arba'in. Mun ƙara layi biyu da babu a tsohon: sukari nawa, da ƙarfe nawa aka sha, don wasunmu shayin bayan isha ya fara hana su barci. Mun kuma daina ɗora buta daidai kan gama cin abinci, saboda shayi mai kauri na rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Masu juna biyu da masu ƙarancin jini su kula, a bari ko awa ɗaya ta wuce.

Ga roƙonmu gare ku, ƴan fada da iyayenmu mata masu shayin safe. Ku gwada wata ɗaya. Ku rubuta kwana nawa kilon sukari ke yi muku, da mutum nawa ke sha. Ku rage kwata, ku ba shayin maki duk Juma'a, ku ga inda makin zai tsaya. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai ciwon suga a gidansu, ya daure ya je a auna jininsa. Ku aiko muna da abin da kuka samu, za mu karanta a shirinmu ba tare da faɗin suna ba.

Shafin Maris 2009 kuwa mun ɗauki hotonsa mun tura wa na Abijan. Ya amsa da murya, yana dariya: "Ku aje mini kohi, sukari rabin cokali." Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.