Kurfi Huɗu da Idon Kawu

Kawuna maƙerin baƙi ne, kuma ido ɗaya gare shi. Baƙi kan zaci tartsatsin wuta ne ya ɗauke ɗayan, alhali kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne da ya fallatso daga kan wani tsohon kurfi sa'ad da masaba ta sauka a kansa. Saboda haka, da aka yaye ɗan yayana daga koyon walda, aka kuma ɗora mini nauyin saya masa kurfi na fara sana'a, ban yarda in shiga kasuwa ni kaɗai ba. Ni malamin harshe ne. Na san kalmar a bakin mutane da cikin ƙamus, amma hannuna bai san ta ba.

Yaron da kansa cizal yake cewa, kamar sauran tsararrakinsa na garejin walda, kuma abin da ya roƙa shi ne saiti mai guda goma sha biyu a cikin jaka, irin wanda ya gani a wajen wani abokinsa. Kawu bai ce uffan ba. Ya dai ɗauki wani tsohon magagari ya jefa a aljihu, muka nufi Ƙofar Ruwa.

A hanya ne ya fara warware mini abin da na daɗe ina cakuɗawa. Kurfin da ake saran jan ƙarfe da shi, wato wanda ya fito daga wuta, bakinsa siriri ne, don ƙarfen ya riga ya yi laushi. Na saran ƙarfe mai sanyi kuwa dole bakinsa ya yi kauri, in ba haka ba ya ɓalgace a bugun farko. Littattafan koyon sana'a suna cewa kusurwar bakin ta kai digiri 60 ga ƙarfen da aka saba aiki da shi, a rage ta ga tagulla da alminiyom. Kawu bai san digiri ba, yatsu biyu ya buɗe ya nuna mini, kuma da na auna a zuci sai na ga maganar ɗaya ce.

A shagon farko aka shimfiɗa mana saiti mai ƙyalli. Kawu ya ɗauki ɗaya, ya goga magagari a bakinsa, magagarin ya ci kamar ana kankare rogo. Ya ajiye. "Wannan bai sha ruwa ba," in ji shi, "ƙusa ma sai ta lanƙwasa shi." Mai shagon ya ce, "Baba, ga wanda ya fi shi," ya miƙo wani baƙi mai nauyi. A wannan magagarin zamewa ya yi a baki, na ɗauka mun dace. Sai Kawu ya juya shi, ya goga a kai, inda guduma ke sauka, nan ma ya zame. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya mayar. "Ɗan nan, irin wannan ne mai cin ido."

A nan ne na fahimci cewa kurfi nagari hali biyu gare shi a jiki ɗaya. Baki ya zama mai tauri fiye da abin da zai sara, kai kuma ya zama mai ɗan laushi, yadda zai haɗiye bugu ba tare da ya tarwatse ba. Wanda aka taurara daga sama har ƙasa, in guduma mai tauri ta same shi, sai ɗayansu ya yi aman ɓarɓashi. Mai laushin kan ma ba a sakankance da shi: yau da gobe kan yana bajewa, gefensa ya nannaɗe ya tsattsage, kuma waɗannan tsage-tsagen ne ke tashi. Maganinsa a riƙa gurje shi a dutsen injin tun bai yi leɓe ba. Abin da Kawu ya yi sakaci da shi ke nan yana saurayi, ya ce ganin ƙyashin ɓata lokaci ne ya ja masa.

Saitin goma sha biyu bai samu shiga ba. Galibinsu faffaɗan baki ne da aka maimaita da girma daban-daban, har da na fasa bulo, wanda ba na ƙarfe ba ne sam. Muka tsinci guda uku ɗai-ɗai: faffaɗa babba na datse kan rabit da ƙusar da ta yi tsatsa, faffaɗa ƙarami na share tabon walda, da mai tsukakken baki na yanka kwari a jikin ƙarfe. Duka jikinsu mai kusurwa shida ne, don kada su murgina a kan benci ko su juya a tafin hannu. Akwai mai zagayayyen baki da mai tsini, amma Kawu ya ce mai ƙera ƙofa da taga zai shekara bai neme su ba. Kuɗin da muka kashe ya ɗara na saitin, abin da ya ɗan sosa mini rai, ban ɓoye ba.

Na huɗun Kawu ne ya ƙera. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda sana'ar ta sauya ta rungumi sababbin kayan aiki a ƙarni na ashirin, kuma ga shi a gabana: ba tama ba, guntun sifirin mota ne ya shiga wuta. Ya daddale shi a kan uwar maƙera, ya mayar da bakin wuta har ya yi ja, ya tsoma bakin kaɗai a ruwa, ya fitar, ya goge da dutse da sauri. Sai zafin da ya rage a jikin ya riƙa gangarowa, launi na bin launi: ruwan kara, sannan ƙasa-ƙasa, sannan wani ja mai duhu da ke neman komawa shuɗi. Daidai nan ya dulmuya shi. In aka bari ya yi shuɗi sosai ya yi laushi, in aka yi gaggawa ya yi gautsi. Da ido ɗaya yake karanta wannan, a cikin daƙiƙu kaɗan, ni da nake da biyu da tabarau ban ga lokacin da launin ya juya ba.

Da muka kai wa yaron, ya ƙirga ya ga huɗu, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tsoho, rowa ce ta hana a cika goma sha biyun?" Kawu ya yi dariya irin ta kaka da jika, ya zaro gilashin kare ido daga aljihu, wanda ban san lokacin da ya saya ba, ya ɗora a kan kayan. Sannan ya kama hannun yaron ya kai yatsansa kan fatar idon da ya mutu, ya ce ya danna. Har yanzu akwai wani ɗan abu mai tauri a ƙarƙashinta.