Wayar Baba da Sabuwar Rauta

Bayan rasuwar Hajiya, Baba ya yarda ya zo ya zauna da mu a Kumasi. Kayansa ba su da yawa: jakar tufafi, carbi, sai tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Sau biyu ina kawo masa sabuwa yana mayar mini da ita. A cikin tsohuwar ne saƙonnin muryar Hajiya suke, kuma bai yarda da kowa ba a kan batun kwashe su. Da ita yake kiran ƙanwarsa a Kano ta WhatsApp kullum bayan Isha'i.

Rautar da na taho da ita daga Najeriya a kulle take, layin kamfani ɗaya kawai take karɓa, saboda haka a Ghana ta zama kayan ado. Muka daɗe muna lallaɓawa da wata ƙarama da maƙwabci ya ara mana, har na je Adum na sayo sabuwa, irin da ake kira Wi-Fi 6. Yaron da ya haɗa mana ya ce ya saita ta a kan mafi sauri da mafi tsaro. Wayata ta kama, ta uwargida ta kama, yara kam har da tsalle.

Sai da aka kwana uku sannan na lura Baba ya daina kiran dare. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Bar shi kawai, ɗan nan. Wayar ta tsufa kamar mai ita. Sabon abinku bai san mu ba." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Na karɓi wayar na duba, ko sunan waifai ɗinmu babu. A daren na juya rautar, na ga lambobin shiga a ƙarƙashinta, na rubuta 192.168.0.1 a burauza, na shiga saitinta. Ashe rautar hanyoyi biyu take watsawa, 2.4 GHz da 5 GHz, yaron kuwa ya kashe ta farkon. Ta 5 ta fi gudu, amma ba ta da nisan zango, bangon bulo yana cinye ta. Ta 2.4 ta fi cunkoso, musamman a zango inda gida ke jikin gida, amma tana ratsa bango, kuma ita kaɗai tsofaffin wayoyi da yawa suka sani. Ɗakin Baba yana bayan bango biyu. (Af, wannan "5G" da ke maƙale a sunan waifai ba ita ce 5G ta layin waya ba. Na sha jin 'yan kasuwa suna musu a kai.)

Na kunna 2.4, suna ya fito a wayar Baba. Na sa kalmar sirri, ta yi ta juyi, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Har na fara zargin yatsuna.

Kullen ƙofar ne matsala. An sa tsaron a kan WPA3, wanda ya fito a 2018, wayar Baba kuwa ta girme shi, WPA2 ta sani. Akwai zaɓin haɗa su biyu, na gwada, duk da haka ta noƙe. Sai na bar WPA3 a kan hanyar 5, na mayar da 2.4 kan WPA2 da doguwar kalmar sirri. WEP kam ko ta bayyana a jerin ban taɓa ta ba, an daɗe da fasa ta. Na kuma ɗauke rautar daga bayan talabijin na ɗora ta a saman kabad, kusa da tsakiyar gida.

Hanyar 2.4 na sa mata suna "Baba", don kada ya ruɗe.

Ya ɗauko tabarau ya daɗe yana kallon sunan. "Wannan tawa ce?"

"Taka ce, Baba."

Ƙarfe goma ta wuce a Kumasi, a Kano kuma sha ɗaya. Na ce ya bari sai gobe, Gwaggo ta yi barci. Ya ce ya san ƙanwarsa, ya danna kira. Ƙara ɗaya ta ɗauka, tun kafin sallama ta fara faɗa: kwana uku ina ya shiga?