Wa Ya Ƙera Kakakin?

Mu Hausawa ba mu da rowar suna idan ana maganar sarakuna. Maroƙi zai jero maka sarakunan Damagaram tun daga Malam Yunus, ya bi ta kan Tanimun har ya iso yau, bai yi tuntuɓe ba. Mabusa ma ana tuna wasunsu. Amma tambayi wanda ya ƙera kakakin da ake busa wa sarkin, ko wanda ya sassaƙa algaitar, sai wuri ya yi tsit. Shekara uku ke nan ina bin wannan tambaya a nan Matameye da ƙauyukan Kance, a ranakun da babu lakol.

Abin da ya tayar mini da ita wani rubutu ne na Faransanci a kan maƙeran ogan, wato babban abin busar nan na coci-cocin Turai. Bututu ne ɗaruruwa ko dubbai a jere, ana tura musu iska da zugazugi irin na maƙera, mutum guda yana danna maɓallai suna amsawa. Turawa sun san wanda ya gina kusan kowane babba daga cikinsu. Arp Schnitger na Jamus, wanda ya rasu a 1719, an lissafa masa fiye da 150. Na cocin Saint-Sulpice a Paris, mai bututu sama da 6,000, Aristide Cavaillé-Coll ne ya kammala shi a 1862. Ba wai sun fi mu son masu sana'a ba ne. Kuɗi mai yawa ake kashewa, don haka sai an rubuta yarjejeniya, coci kuma ya adana ta. Wani lokacin ma masu gyara kan buɗe akwatin iska su tarar ma'aikaci ya rubuta sunansa da shekara a jikin katako.

Namu ba haka aka yi shi ba. Algaita kan bi ta hannu uku: masassaƙi ya fafe icen, baduku ya lulluɓe shi da fata, maƙeri ya yi bututun ƙarfen da ke kai wa baki. Karan da ke ba da sauti kuwa mabushin ne ke gyara abinsa. Kakaki aikin maƙeran fari ne, masu tagulla da gwangwani. Ciniki da baki ake yi, wani sa'in ma babu ciniki, umarnin fada ne. To wa zai sa suna, kuma a wace takarda?

Na fara da littattafai, kamar kowane malami. Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a fadar Kano. Sarkin aka ambata. Littafin André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, na same shi ne a hoton takarda da aka yi ta kwafa har wasu shafukan suka dushe. Ɗan Zinder ne ya rubuta shi a kan Zinder, amma samunsa a jihar Zinder sai da na yi wata biyar ina cigiya. A wannan shekarar ta 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da Ingilishi. Wani aboki a Kano ya ɗauko mini shafukan busa da wayarsa, ya turo ta WhatsApp. Aiki ne mai kyau, sai dai a Zariya da Katsina suka fi zama, mu nan ba su iso mu ba. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar a farkon shekarun 1960, faifan ya fito a Paris. Sauran takardun zamanin Nasara suna Yamai, suna Dakar, suna Aix-en-Provence. Albashin malamin firamare ba ya kai mutum ko ta farkon sau biyu a shekara.

Saboda haka na koma wurin tsofaffi, kuma a nan na ga tambaya ma sana'a ce. Idan ka ce wa tsohon mabushi, "Baba, wa ya yi wannan algaita?" amsar ɗaya ce: "Gadonta na yi, Mushe." Gaskiya ya faɗa, kuma ƙofa ta rufe. Amma ka ce, "Baba, da ta tsage, ina kuka kai ta?" Sai ka ji sunan unguwa, da gidan maƙera, da abin da aka biya, ko dame nawa na hatsi aka kai bayan kaka. Mai gyara yawanci ɗan mai ƙira ne ko jikansa. Tsofaffin mata kuma sun fi maza riƙe wannan zare, domin su ne suka san ƴar gidan mabusa da aka kai gidan maƙera aure, da garin da dangin suka taso.

Kayan ma suna magana. Na ga wani guntun kakaki da aka yi wa faci da gwangwanin kananzir, harufan kamfanin suna nan a ciki ba su goge ba. Wannan facin kaɗai ya nuna an yi gyaran bayan kananzir ya shigo kasuwanninmu. Na so in koma in ɗauki hoto da rana. Kafin damina ta wuce mai shi ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada kuma suka haɗa guntun da tsofaffin tukwane suka sayar wa ƴan gwangwan a kan kilo. Ban ga laifinsu ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa takarda ce.

Malam Mamman Barka, ɗan Tasker a jihar nan, shi ma malamin makaranta ne kafin ya zama mawaƙi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram na Buduma, ya zauna ya koya. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da bai tarar da kowa ba. Shi ma ya rasu a 2018.

Bara na ba ƴan ajina na CM2 aikin hutu: kowa ya nemi tsohon abu guda a gidansu, turmi ne, sirdi ne, kalangu ne, ya tambayi inda aka kai shi gyara, ya rubuta sunan wanda ya ba shi amsa da ranar. Wasu iyaye sun yi gunaguni, wai wannan ba ya cikin jarrabawa. Haka ne, ba ya ciki. Daga yara 58, goma sha ɗaya suka dawo da abin kirki. Wata yarinya ta kawo shafi biyu daga bakin kakarta a kan gidan maƙeran da suka yi wa kakanta kakaki. Kakar ta ce daga Daura suka zo. Wani dattijo da na ji a baya ya ce daga Birnin Zinder. Na rubuta duka biyun a kaye ɗaya, kowanne da sunan mai faɗa da kwanan wata, na bar shafi uku fari a bayansu. An ce mini akwai jikar maƙeran da ke aure wajen Magarya, kuma hutun Disamba ya kusa.