Kocinmu na Ranar Asabar

Duk Asabar, da an idar da sallar asuba, mukan haɗu kusa da filin wasa na Agege mu motsa jiki kafin rana ta ɗaga. Akwai mahauta daga mayankar Oko-Oba, akwai 'yan canji, akwai wani dattijo da likita ya ce masa ya rage gishiri ya ƙara tafiya saboda hawan jini. Yau na tsaya can baya ina kallon kocinmu, sai na lura da abin da na daɗe ban kula ba.

Kiɗan da muke bi takwas-takwas ake ƙirga shi. Shi kuwa ba ya jira sai takwas ta cika. Tun a biyar zai ɗaga murya: "Hagu za mu koma, oya!" Kafin ɗaya ta zagayo kowa ya shirya ƙafarsa. Da yake fuskantarmu yake yi, idan ya ce hagu sai ya miƙa hannunsa na dama, don wanda bai ji ba ya bi da ido.

Wajen tsuguno bai taɓa yi mana dogon turanci ba. "Kamar za ku zauna a kan kujerar tsakar gida. Diddige a ƙasa. Kar a riƙe numfashi." Shi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaransa. Dattijon nan ya ranƙwafa baya fiye da kima, koci bai kira shi ba, sai ya ce wa kowa: "A miƙe baya!" Can da aka tsaya shan ruwa ya matsa kusa da shi, ya rage murya: "Baba, ku tsaya a rabi, ya wadatar." Baba ya gyara, girmansa bai faɗi ba.

Nan na tuna makaɗin gayya a ƙauyenmu, wanda idonsa ke kan kunyar da aka bari a baya, yana sassauta ganga har mai ita ya cim ma sauran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wanda aka kunyata a gaban jama'a ba zai dawo ya cika su ba. Baba dai wata huɗu ke nan bai yi fashi ba, yanzu ma shi ke riga mu zuwa.