Daga Tsohuwar Katagum Zuwa Azare Neman Likitan Mata

Duk wanda ya tsaya a tashar mota a Azare ya ce Katagum za shi, to sai an tambaye shi wacce yake nufi. Domin kuwa Azare ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, nan kuma fadar Mai Martaba Sarkin Katagum take, alhali kuwa garin da ke da sunan tun asali yana can arewa, tafiyar mil 43, shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Can na nufa cikin hunturun da ya wuce, ba don aikin jarida ba, sai don saƙon da goggona ta aiko mini har sau biyu cewa in zo akwai magana.

Garin yana gefen kogin Jama'are, fadama ta kewaye shi, manoman shinkafa da masunta su ne mafi yawan mutanen da za ka haɗu da su a hanya. Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa masarautar, nan kuma sarauta ta zauna har 1916 sa'ad da aka mai da ita Azare. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawa biyu suka sauka garin a kan hanyarsu daga Borno zuwa Kano, watau Clapperton da abokin tafiyarsa Oudney. Clapperton ya rubuta cewa tun da suka baro Tarabulus bai ga birni mai ƙarfin ganuwa kamarsa ba. Shi Oudney likita ne, amma ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Murmur ran 12 ga watan nan. Na tuna da shi a mota, na ce a raina ashe shekara 200 ke nan da likitan Turai ya fara taka ƙasar nan, ga shi har yau mace a ƙauyen Katagum sai ta yi tafiyar rabin yini kafin ta ga likitan mata.

Ƙauyen goggo yana gaba da garin kaɗan. Bayan an yi sallar isha'i ta kira ni ɗakinta, ta kori yara, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, taubashiyarka ce. Shekara huɗu ke nan ba ta da lafiya, ciwon kuwa ba na faɗa ba ne." Na ce, "Goggo, in ba a faɗa ba yaya za a yi magani?" Ta yi shiru, daga baya ta yi mini bayani a kaikaice, yadda manya ke yi.

Abin da na fahimta shi ne, tun bayan aurenta yarinyar take fama da zafi da raɗaɗi a bakin gabanta, kamar an zuba barkono. Zama mai tsawo wahala ne, hawa babur azaba, zancen kwanciyar aure kuwa ba a magana. Ba ƙurji, ba kumburi, ba abin da ido zai gani. An sha saye mata maganin ciwon sanyi a kemis, an yi mata allurai a wani ƙaramin asibiti inda ko duba ta ba a yi ba, an yi turare, an sha rubutu. Dangin miji suka fara cewa ƙin mijin take yi, wasu suka ce aljani ya aure ta. Ta yi yaji sau uku. Yanzu kuwa tsofaffin gidan sun yanke shawara cewa gishiri ne, a kira wanzami ya yanke shi, har an sa rana.

A nan ne hankalina ya tashi, kuma dalilin da ya sa na ga ya kamata masu karatu su ji labarin ke nan, da yardar mai shi. Yankan gishiri, ga wanda bai sani ba, shi ne wanzami ko ungozoma su sa aska ko reza su tsaga cikin gaban mace, wai don a fitar da abin da ya toshe hanya. Ana yinsa in naƙuda ta yi tsawo, ko haila ta ɗauke, ko ƙaiƙayi ya dame ta, ko kuwa in ta kasa jure saduwa da miji. Amma fa tsakanin wurin da ake tsagawa da mafitsara ɗan siririn nama ne kawai. In aska ta zarce, shi ke nan, sai fitsari ya dinga zuba dare da rana. Wani bincike da aka buga a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da suka je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya nuna kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu. Tun 2015 akwai dokar Gwamnatin Tarayya da ta hana yi wa mata irin wannan yanka, amma a ƙauyen goggo ban sami wanda ya taɓa jin labarinta ba.

Na roƙi mijin ya ba ni mako guda. Yaro ne mai kirki, ya gaji ne kawai, kuma maganar iyayensa ta yi masa nauyi. Ya yarda. Da asuba muka kama hanya, ni da goggo da ita. Taubashiyar da muka saba tsokanar juna tun muna yara ba ta ce da ni uffan ba har Azare, ta zauna a karkace a kan zanen da aka naɗe mata, duk ramin da mota ta faɗa sai in ga ta runtse ido.

Azare gari ne da hanyar Kano zuwa Maiduguri ta raya. Manyan motoci, 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, ɗaliban Kwalejin Horon Malamai ta Aminu Saleh, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, a 2021 kuma aka kafa wa garin Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya. Ni kuwa da na taho, a zatona tiyata za a yi, domin abin da na sani game da ciwon mata na wannan sashen jiki duk labarin tiyata ne. Na san Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk mutumin Holan ya fara ɗinke masu yoyon fitsari tun farkon shekarun 1980. Na san cibiyar ƙasa da ke Ningi a nan Jihar Bauchi, da cibiyar Jahun a Jihar Jigawa. Har na ce wa goggo in ya kama mu wuce Ningi za mu wuce.

Likitar matan da muka samu ta gyara mini tunani. Ta daɗe tare da ita da goggo a ciki, ni ina waje a kan benci. Da aka kira ni, da iznin maras lafiyar, sai ta yi bayani cewa wannan ba yoyon fitsari ba ne, ba kuma ciwon sanyi ba, gwaji ya nuna ba ƙwayar cuta. Ciwo ne da likitoci suka sani, suna kiransa bulbodiniya, watau zafin bakin farji wanda ya kai wata 3 ko fiye ba tare da an ga sanadinsa ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka zama masu saurin harzuƙa, har taɓawar da ba ta kai komai ba sai jiki ya ji ta kamar wuta. Naman da ke riƙe da ƙugu daga ƙasa kuma sai ya ɗaure saboda tsoron zafin, ɗaurewar ta ƙara zafin. Da ɗan tsinke mai auduga a kai ta gane wurin, tana taɓawa tana tambaya. Goggo ta ce wannan ne karo na farko cikin shekara huɗu da wani ya tambayi yarinyar ina ne daidai yake mata ciwo.

Game da tiyata kuwa, ta ce akwai ta, ana yanke ɗan naman bakin da ciwon ya tattaru a cikinsa a rufe wurin da lafiyayye. Amma ba da ita ake farawa ba, kuma ba kowace mace take yi wa amfani ba, sai wadda ciwonta ke wuri guda, yake tashi in an taɓa, bayan an gwada sauran hanyoyi sun gaza. Sai ƙwararre kuma zai yi ta. Ta rubuta man shafawa mai kashe zafi, da wata ƙwaya mai kwantar da jijiyoyi wadda ake fara sha kaɗan kaɗan da dare, ta hana wanka da sabulu mai ƙamshi da duk wani matsi na gargajiya, ta koya mata yadda za ta riƙa sassauta naman. Ta ce ba a ganin sauƙi cikin kwana biyu, sai an yi makonni. Ta kuma ce lalle a zo mata da mijin, tana da magana da shi. Da goggo ta ambaci wanzami, likitar ta ajiye alƙalami ta dube ta har sai da tsohuwar ta sunkuyar da kai.

A ganina abin da ya fi maganin nan tasiri a ranar shi ne takardar da aka ba ta mai ɗauke da sunan ciwon. Ba ta iya karanta shi, amma ta ƙulle takardar a bakin zanenta. A tasha, muna jiran mota ta cika, ta yi mini magana karo na farko, ta ce, "Taubashi, kai za ka karanta wa surukata, da kyau, kada ka yi in'ina irin taka."

Na karanta mata da daren nan a gaban mijin. Tsohuwar ta saurara, ta ce a ɗaga ranar wanzami zuwa bayan an koma asibiti, ba ta ce an fasa ba. An sa su koma Azare bayan mako 6, kuɗin mota na mutum uku kuwa mijin ya ce sai ya sayar da buhun shinkafa guda.